Ayari Ba Jagaba: Sharhi a Kan Fim ɗin Good Night Oppy

Fim ɗin da za mu yi sharhi a kansa a wannan fitowa shi ne Good Night Oppy, wato "Sai da safe, Oppy". Ya fito a jerin finafinan da aka fi yabawa a ajinsa cikin 2022, Ryan White ne ya shirya shi, Angela Bassett kuma ita ce mai ba da labari. Ba ƙagaggen labari ba ne. Tarihin wasu motocin bincike biyu ne marasa direba, Spirit da Opportunity, waɗanda hukumar NASA ta Amurka ta harba a 2003, suka sauka a duniyar Mars cikin Janairun 2004. An yi musu ƙiyasin aikin kwana 90 na can. Spirit ta kai har Maris ɗin 2010, Opportunity kuwa, wadda ake yi wa laƙabi da Oppy, ba a daina jin ɗuriyarta ba sai ran 10 ga Yunin 2018, bayan ta ci kilomita 45.

Wani na iya tambayar abin da ya haɗa mujallar adabi da wannan. Amsa ita ce, ko da abin da aka faɗa gaskiya ne, wani ne ya zauna ya zaɓi abin da zai shiga da abin da za a bari, ya ɗaga wannan ya sauke wancan. Wannan kuwa aikin zubi da tsari ne, yana cikin huruminmu. Balle ma labarin sararin samaniya ba baƙo ba ne a wurin wanda ya karanta Tauraruwa Mai Wutsiya ta Umaru Dembo.

Bari mu fara ba fim ɗin haƙƙinsa. Jigonsa juriya ce, da kuma shaƙuwar da ke shiga tsakanin mutum da abin da ya ƙera da hannunsa. Babban salon da aka yi amfani da shi wajen warwarar wannan jigo shi ne mutuntarwa. Motar tana da wuya dogo, da kyamarori a kansa kamar idanu, tsayinta kuwa wajen mita ɗaya da rabi, kusan na mutum. Masu fim ba su bar wannan dama ta wuce su ba. Kamfanin Industrial Light & Magic ya zana musu motar da kwamfuta tana tafe ita kaɗai cikin jan rairayi, aka haɗa da tsofaffin hotunan ma'aikatan cibiyar JPL ta Kalifoniya, da waƙoƙin da sukan sa da safe don fara aiki, da hirar injiniyoyin da suka shiga aikin da ƙuruciya suka fita da furfura. Duk wanda ya kalli Steve Squyres, shugaban masanan aikin, yana magana a kan motocin nan, ya san ba wasan kwaikwayo yake yi ba. Ta wannan fuska fim ɗin ya ci nasara.

To amma a nan gizo yake saƙa. Don a sa mai kallo ya tausaya wa tauraron labari, sai an mai da shi maraya. Haka aka yi wa Oppy: ga ta nan tilo a dokar daji, ba kowa gare ta sai iyayenta da ke can wata uwa duniya. Wannan ba haka yake ba. Tun ranar da ta sauka har ranar da ta yi shiru, akwai kumbuna da ke kewaya Mars a bisa kanta, suna ɗaukar hoton ƙasa, suna duba yanayi, suna kai saƙonta gida. Abin dariya shi ne, a Hausa su ne ma muke kira taurarin ɗan'adam, amma a fim ɗin ko matsayin yaran tauraro ba su samu sosai ba, ana bi ta kansu ne da sauri a koma wurin mai idanu. Fatake na da sun san ayari ba ya tashi sai da jagaba, wanda ya san hanya, ya san inda ruwa yake da inda ba a bi. Mai ba da labarin ayari da ya cika bakinsa da jaki guda mai ƙwazo, ya bar jagaba a baya, labarinsa zai yi daɗi, amma mai sauraro ba zai gane yadda aka isa Gwanja ba.

Mu duba tun daga farko. Me ya sa aka sauke Opportunity a filin Meridiani, ba wani wuri ba? Dalili shi ne kumbon Mars Global Surveyor, wanda ya isa can a 1997, yana ɗauke da wata na'ura mai suna TES da ke gane irin ma'adinin ƙasa daga zafin da ƙasar ke fitarwa. Philip Christensen na Jami'ar Jihar Arizona da abokan aikinsa suka ga alamar hematayit a wannan fili, wato wani nau'in tama wanda a duniyarmu sau da yawa ruwa ne ke haifar da shi. Da motar ta sauka, sai ta tarar da ƙananan duwatsu mulmulallu barbaje a ƙasa, kuma su ne ke ɗauke da tamar. Ke nan babban abin da aka fi yabon Oppy da ganowa amsa ce ga tambayar da aka yi daga sama shekaru kafin a harba ta.

Ba cewa nake ido na sama ba ya kuskure ba, kuma a nan ne ma nake ganin fim ɗin ya yi asarar abu mai armashi. An kai Spirit ramin Gusev ne saboda hotunan sama sun nuna wani dogon kwari, Ma'adim Vallis, yana malalowa cikinsa, kamar kogi ya taɓa cika tafki. Da aka sauka sai ga dutsen aman wuta ya rufe ko'ina. Sai da motar ta yi tafiyar wajen kilomita 3 zuwa tsaunukan Columbia kafin ta sami duwatsun da ruwa ya taɓa. Wato wuri ɗaya na ƙasa ya gaskata na sama, wuri ɗaya ya ce masa a sake lale. Wannan ja-in-ja tsakanin mai hange daga nesa da mai taɓawa da hannu, ita ce ainihin rikicin labarin, kuma kowane ɗalibin wasan kwaikwayo ya san rikici tsakanin abokan tafiya ya fi kaɗaici riƙe mai kallo.

Batun saƙo kuwa gajere ne. Mafi yawan hotunan da motocin biyu suka ɗauka ba kai tsaye suka zo duniya ba. Kumbon Mars Odyssey, wanda ke can tun 2001, shi ne ke karɓa idan ya gifta ta kansu, ya miƙo. Hotunan ƙasar Mars na gaske da ke ƙawata fim ɗin, akasarin irinsu ta hannunsa suka biyo.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne doguwar tafiyar Opportunity. A ƙarshen Afrilun 2005 ta kutsa cikin wani tudun rairayi, ƙafafunta suka nutse, ba ta fita ba sai farkon Yuni. A lokacin babu kyamarar da ta kai HiRISE kaifin gani a samaniyar Mars. Wannan kyamara tana jikin kumbon Mars Reconnaissance Orbiter ne, wanda aka harba a Agustan 2005, ya isa a Maris ɗin 2006. Madubinta rabin mita ne, Jami'ar Arizona ke gudanar da ita, kuma daga nisan wajen kilomita 300 kowane ɗigon hotonta yana ɗaukar abin da bai wuce santimita 30 na ƙasa ba. A Oktoban 2006 ta ɗauki hoton Opportunity a bakin ramin Victoria, ana ganin motar, da sawun ƙafafunta, har da inuwar wuyanta.

Daga nan tuƙi ya sake kama. A tuna fa, saƙo tsakanin duniya da Mars yakan ɗauki minti 3 zuwa 22 gwargwadon nisa, saboda haka ba a tuƙa motar kamar yadda direba ke yi, tsara mata tafiyar yini ake yi a aika. Kyamarorinta kuwa iyakar ganinsu kusa ne. Da aka yanke shawara a 2008 cewa a nufi ramin Endeavour mai faɗin kilomita 22, hotunan HiRISE ne suka nuna inda tuddan rairayi suka yi girma da inda dutse ya leƙo. Masu tsara hanya suka bar miƙaƙƙiya, suka yi zagaye ta kudu, aka yi shekara uku ana tafe, aka isa a Agustan 2011 bayan wajen kilomita 21. Har ila yau, ana cikin wannan tafiya ne wata na'urar kumbon, CRISM, ta nuna alamar yumɓu a gefen ramin. Muhimmancin yumɓu shi ne yana samuwa a ruwan da ba shi da tsami sosai, saɓanin ruwa mai tsami da duwatsun farko suka nuna. Wannan alama aka bi har motar ta sami duwatsu masu yumɓu a 2012 da 2013. Duk wanda ya kira wannan tafiya taurin zuciyar mota, ya faɗi rabin magana.

Na san abin da masu kare fim ɗin za su ce. Minti 105 ba za su ɗauki shekara 15 ba, kuma kumbo ba shi da fuska, ba ya maƙalewa a rairayi, ba ya tsufa a gaban idonmu, don haka ba ya ba da tausayi. Hujja ta farko na karɓa. Ta biyu ce ban yarda da ita ba, domin kumbunan nan suna da nasu labarin mai sosa zuciya. Mars Global Surveyor, wanda ya zaɓa wa Oppy masauki, ya ɓace a Nuwamban 2006, ita kuwa tana tsakiyar aikinta a Victoria. Kyamarar HiRISE ta kama kumbon Phoenix a 2008 yana saukowa rataye da lemarsa, ta sake yin haka da Curiosity a 2012. A hotunanta ne aka gano Beagle 2 na Birtaniya, aka sanar a Janairun 2015, bayan ya yi ɓatan dabo tun Disamban 2003. Aka ga ashe ya sauka lafiya, farantansa ne ba su gama buɗewa ba. Daɗin daɗawa, da Perseverance za ta sauka a ramin Jezero ran 18 ga Fabrairun 2021, tana ɗauke da taswirar da aka haɗa daga hotunan wannan kumbo, tana gwada abin da take gani da taswirar, da haka ta kauce wa wurare masu haɗari. Marubucin da ya rasa abin tausayi ko na al'ajabi cikin waɗannan, laifin alƙalaminsa ne.

Abin da ke damuna ya wuce rashin adalci ga ƙarfe. Akasarin masu kallo ba za su karanta rahoton masana ba, fim ɗin nan shi ne iyakar saninsu. Za su fita da zaton ilimi yana samuwa ne idan gwarzo guda ya yi ƙuru ya shiga daji ya yi sa'a. Alhali abin da ya faru shi ne wani ya hango, wani ya je ya taɓa, aka gwada maganganun biyu, inda suka saɓa aka koma aka sake dubawa. Mu da muke koyon nazari, wannan hanya ta biyu ita ce tamu, ko a fagen waƙa ko a fagen nahawu.

Ƙarshen fim ɗin ma yana da wannan rauni, duk da kyansa. Guguwar ƙurar da ta hallaka Opportunity, kyamarar yanayi ta Mars Reconnaissance Orbiter ce ta fara ganinta a ƙarshen Mayun 2018. Ƙura ta rufe rana, farantan motar suka kasa samun haske, ta yi shiru. An aika mata saƙo fiye da 1000 ba amsa, aka rufe aikin ran 13 ga Fabrairun 2019. A fim an jingina nauyin wannan rabuwa a kan kiɗa da hawayen ma'aikata da zanen kwamfuta. Ni kuwa a ganina akwai hoto guda na gaske da ya fi su duka nauyi. Ran 20 ga Satumban 2018, da ƙura ta fara lafawa, HiRISE ta leƙa gangaren da ake kira kwarin Perseverance daga nisan kilomita 267. A tsakiyar hoton akwai ɗan ɗigo mai haske, wanda in ba a nuna maka ba ba za ka lura da shi ba. Motar ce, tana nan inda guguwa ta same ta, kwana 102 bayan saƙonta na ƙarshe.