Ciwon da Ba Ya Warkewa a Shafin Ƙarshe

Yau ba soyayya na kawo muku ba. Wani littafi na karanta ya hana ni barci, na ce bari in faɗa muku inda ya burge ni, da inda ya bar ni da ƙishirwa.

Samira Haruna Sanusi 'yar asalin Funtua ce, nan kusa da mu Kafur. An haife ta da ciwon sikila, wanda iyayenmu ke kira amosanin jini. Tana da shekara 15 ciwon ya kwantar da ita, ta shafe shekara 7 tana jinya, aka yi mata tiyata har 28. A ƙasar Ostiriya aka yi mata dashen ɓargo, ɗan uwanta ya ba ta nasa, Allah Ya yaye mata. A 2014 ta fitar da labarin rayuwarta da Turanci, mai suna S is for Survivor, wato wadda ta sha wuya ta rayu.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta ɓoye ba. A wajenmu ai ɓoye mai sikila ake yi, wai kar masu neman aure su gudu. Ita kuwa ta sa sunanta a bangon littafi, ta ce ga ni, ga abin da ya same ni. Wadda ta iya rubuta ciwonta da hannunta, to ta daina jin kunyar jikinta ke nan.

Wallahi sai da na ji nauyi. Mu marubuta, idan muka sa marar lafiya a labari, ko dai sammun kishiya ne, ko wani Alhaji ya fitar da ita waje ta warke a shafin ƙarshe, a sha biki. Ni ma na taɓa rubuta haka, ba zan musa ba.

Sai dai littafin ya bar ni da ƙorafi biyu. Na farko, da Turanci yake, uwar da ke kwana tana matsa wa 'yarta ƙafa a sanyin hunturu ba za ta karanta shi ba. Na biyu, labarin ya ƙare da waraka, alhali dashen ɓargo na masu miliyoyi ne. Ina wadda ciwon zai zauna da ita har abin da Allah Ya yi, ƙashin ƙugu na cinyewa, tafiya na raguwa shekara bayan shekara? Ba laifin Samira ba ne, nata ta faɗa. Sauran labarin yana hannunmu.

Don haka 'yar uwa, in kina fama, kar ki jira sai kin warke. Ki sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ki rubuta da boko ko da ajami: ranar da ciwon ya tashi, wanda ya tsaya miki, maganar da aka gaya miki ta yi miki ciwo. Rubutu ba zai canza jininki ba, amma zai nuna miki ke mutum ce, ba ciwon ba ce ke.

'Yan mata kuma, a yi gwajin jini kafin a karɓi sadaki. In AS ya auri AS, kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 a haifi mai sikila.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa kaffara ce. Amin.