Daga Shafi Zuwa Majigi: Darasin Fim Ɗin Great Expectations

Duk wanda ya taɓa son wani littafi, sannan ya ji an mayar da shi fim, ya san irin fargabar da ke biyo baya. Ana fitowa daga kallo sai ka ji ana cewa, "Ai sun yanke wuri kaza," ko "Ba haka yake a littafi ba." Masu shirya fim a Ingila sun daɗe suna fama da wannan ƙorafi, domin babban kaso na fitattun finafinansu daga littattafan marubutansu aka ciro su. A cikin wannan al'ada, fim ɗin da ya fi cancanta a zauna a yi nazarinsa shi ne Great Expectations na 1946, wanda David Lean ya ba da umarni, daga littafin Charles Dickens.

Dickens ya fitar da labarin ne kashi-kashi a mujallarsa ta mako-mako, All the Year Round, daga Disambar 1860 zuwa Agustan 1861. Babi 59 ne. Lean kuwa bai kai awa biyu ba ya gama. Dole ke nan a zubar da kaya masu yawa, kuma a irin wannan zaɓe ne ake gane gwani.

Labarin na Pip ne, maraya da ke zaune a hannun yayarsa da mijinta Joe, maƙeri mai sanyin hali, a fadamun yankin Kent. Wata rana a maƙabarta wani fursuna da ya tsere, Magwitch, ya cafke shi, ya tilasta masa ya sato masa abinci da magagarin da zai yanke marin ƙafarsa. Bayan shekaru, lauya ya zo da albishir cewa wani da ya ɓoye sunansa zai ɗauki nauyin Pip ya zama babban mutum a Landan. Pip ya ɗauka wata attajira ce mai suna Miss Havisham. Ashe fursunan ne, wanda aka kora zuwa Ostareliya ya yi arziki da kiwon tumaki. Alheri danƙo ne, ko da tsoro ne ya sa aka yi shi.

Abin da Dickens ya gina da kalmomi, Lean ya gina shi da haske da inuwa. Dubi buɗewar fim ɗin: ƙaramin yaro shi kaɗai yana gudu a bakin fadama, sararin sama ya danne shi, ga gumagumai na rataye masu laifi a gefen hanya. Ya durƙusa gaban kabarin iyayensa, iska na kaɗawa, reshen bishiya na ƙara. Ya tashi a firgice zai gudu, sai ya faɗa hannun Magwitch. Babu dogon bayani, amma mai kallo ya riga ya san maraici da tsoron da ke cikin yaron. Haka ma gidan Miss Havisham, wadda ango ya guje wa ranar ɗaurin aure, ta tsayar da agogunan gidanta a ƙarfe tara saura minti ashirin, ta zauna cikin rigar amarci har ta tsufa. Saƙar gizo-gizo, ɓeraye a kan kek ɗin biki, labule a rufe: ɗakin da kansa ya faɗi abin da baƙin ciki ya yi wa matar. Ba mamaki kyautar Oscar biyun da fim ɗin ya samu na ɗaukar hoto ne, wadda Guy Green ya karɓa, da kuma tsara wurin wasa.

Lean bai ji tsoron yanka ba. Ya cire Orlick gaba ɗaya, mugun ma'aikacin maƙera da ya kai wa yayar Pip hari a littafi, ya bar ta ta rasu da rashin lafiya. Labarin bai rame ba, domin zuciyarsa tana wani wuri: yadda kuɗi suka sa Pip ya fara jin kunyar mutumin da ya raine shi. Wurin da Joe ya kai masa ziyara Landan, sanye da kayan fita da ba su zauna masa ba, yana ta kokawa da hularsa, Pip kuwa yana ɗaure fuska a gaban abokinsa Herbert, shi ne wurin da ya fi ciwo a fim ɗin. Bernard Miles ya fito da Joe cikin mutunci har mai kallo ya ji kunyar ta koma kan Pip. Wannan butulci ne da kowace al'umma ta sani: ɗan da aka sha wahala a kansa, ya shiga birni ya dawo yana ƙyamar hannun da ya ciyar da shi.

Fim ɗin yana da nasa rauni. John Mills ya kusa shekara arba'in lokacin da ya fito a matsayin Pip, saurayi ɗan ashirin, kuma ido na gani. Ƙarshen ma an sassauta shi. A littafi Estella, yarinyar da Miss Havisham ta horar don ta karya zukatan maza, ta auri wani mai suna Drummle ta sha azaba a hannunsa kafin ta yi laushi. A fim auren bai yiwu ba, sai ta koma gidan Miss Havisham tana shirin gadon zaman uwar riƙonta, Pip ya zo ya yage labulaye, rana ta shigo, ya fitar da ita. Hoton yana da kyau ƙwarai, kuma ya dace da mutanen da suka fito daga Yaƙin Duniya na Biyu suna neman haske. Sai dai ya rage nauyin darasin Dickens, cewa gyaran hali da tsada ake sayensa. Duk da haka, shi kansa Dickens ya sauya ƙarshen littafin bisa shawarar abokinsa Edward Bulwer-Lytton, don haka Lean ba shi ya fara ba.

Lean ya ci gaba da wannan hanya da Oliver Twist a 1948, har zuwa fim ɗinsa na ƙarshe, A Passage to India na 1984, daga littafin E. M. Forster. A 1999 Cibiyar Finafinai ta Birtaniya ta sanya Great Expectations na biyar a jerin finafinan ƙasar ɗari mafiya inganci.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan sana'a, tun da Adamu Halilu ya mayar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim a 1976, kuma ga ɗimbin littattafai suna jiran mai ɗauka. Ga masu wannan niyya, darasin Lean a fili yake: ka karanta littafin har ka gano abin da ya sa aka rubuta shi, ka riƙe wannan da hannu biyu, sauran kuma ka bar kyamara ta faɗa da nata harshen. Wannan ita ce amanar da marubuci ke bin mai fim.