Kyan Hoto Ba Ya Shan Kwana

Ran Asabar da ta wuce na shiga wani shagon wasan kwamfuta a Zango, nan Damagaram. Yara sun yi dafifi gaban tele, ana tseren mota a Assetto Corsa, wasan da Italiyawa suka fitar a 2014. Hoton kam ba a magana: inuwa, hayaƙi, rana na walƙiya jikin mota. Na biya dala ashirin na kama sitiyari. Kwana ta farko na taka birki, mota ta ce ba ta san zancen ba, sai cikin bango. Wani yaro ya ce, "Yaya, ba ka iya ba ne!" Aka fashe da dariya.

To, na ƙi yarda. Laifin na yadda aka saita injin ne. Mai shago ya ɗaga ingancin hoto zuwa ƙololuwa don ya ja ido, kwamfutar kuwa tsohuwa ce, da ƙyar take fitar da hoto 30 a daƙiƙa. Sannan V-Sync na kunne, shi kuma riƙe hoto yake har sai allo ya shirya karɓa. Telen ita ma tana nata gyare-gyaren kafin ta nuna. Kowane na ƙara jinkiri tsakanin hannunka da idonka.

Mu yi lissafi. Motar da ke gudun kilomita 200 a awa tana cin kusan mita 55 kowace daƙiƙa. In jinkirin ya kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, ka wuce mita biyar da rabi kafin ka ga birkinka ya kama. Ina gwaninta a nan?

Ga kuma zafin garinmu. A watan Afrilu ma'auni kan haura 40, ƙurar hunturu ta riga ta toshe fanka. Injin da ya ɗau zafi rage gudu yake da kansa don kada ya ƙone, sai hoto ya riƙa tsinkewa.

Maganin ba ya cin ko dala. A rage inuwa da ƙyalli har a samu hoto 60 a daƙiƙa ba tangarɗa. A kashe V-Sync, ko da hoto zai ɗan yage. A sa tele kan Mode Jeu. A buɗe akwatin a hure ƙura, a ɗaga shi daga ƙasa.

Abin da ya fi ci mini rai, mu ma matasa mun koyi auna wasa da ido kaɗai. Yaro ya tara kuɗin karin kumallonsa, ya sha kaye, ya koma gida yana ganin shi ne bai iya ba. Ni dai a ba ni hoto mara ado da mota mai jin magana. Na faɗa wa mai shagon haka. Ya ce, "Malam, in na rage kyan, wa zai shigo?" Asabar mai zuwa zan koma, in roƙe shi mu gwada inji ɗaya tak.