Jikin Ma'aikaciya Tsakanin Beauvoir da Risala

A littafinta Le Deuxième Sexe, wato Jinsi na Biyu, wanda ya fito a Faransa a 1949, Simone de Beauvoir ta ɗauki jiki a matsayin halin da mutum ke tsintar kansa a ciki, ta nan kuma yake fuskantar duniya. Wannan fahimta ba abar yarwa ba ce. Duk wanda ya leƙa rumbunan Sharada da Bompai, inda mata ke wuni a durƙushe suna tsintar zoɓo da riɗi, ya san ƙura da ciwon ƙugu ba ɗaya suke ga mai cikin wata bakwai da saurayi mai lodin buhuna ba. Haka warin majemun Challawa yake.

Kuskurenta yana wajen hukunci. Ta siffanta ciki da shayarwa da bautar da mace ke yi wa jinsin ɗan Adam, ta rataya 'yancinta ga aikin albashi. Gaskiya ne ta yarda cewa aikin masana'anta shi kaɗai ba ya 'yantarwa, amma ma'auninta na cikar mutum bai gushe ba yana komawa ga jikin da ba ya haila, ba ya naƙuda. Wannan kuwa shi ne ainihin ma'aunin mai kamfani.

Fiƙihu wata hanya ya bi. Aya ta 14 ta Suratu Luƙman ta ambaci raunin ciki ne domin ta gina haƙƙin uwa a kansa, Risalar Ibn Abi Zaid kuma ta yi wa mai ciki da mai shayarwa rangwamen ajiye azumi idan sun ji wa ɗan tsoro. A nan rauni haƙƙi yake haifarwa.

Sai dai hujjar tana juyowa kan malamai. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya tanadi hutun haihuwa na mako 12, da rabin awa sau biyu a yini domin shayarwa. Mai aikin yini, wadda ake biya gwargwadon buhunan da ta tsince, ba ta da takardar ɗaukar aiki da za ta nemi wannan da ita. A zaurukan Kano ana karanta babin haila da nifasi daban, babin ijara daban, da wuya a haɗa su. Fuƙaha'u sun togace lokacin sallar farilla daga lokacin da ɗan ƙwadago ya sayar. Mas'alar da ke jiran fatawa ita ce ko lokacin shayarwa yana shiga wannan togaciyar.