Tsokaci a Kan Zangon Ƙarshe na Wasan Breaking Bad

Wasan kwaikwayon talabijin na Breaking Bad, wanda Vince Gilligan ya ƙirƙira a Amurka, ya kammala ne da zango na biyar, wanda aka nuna cikin 2012 da 2013. Jigonsa shi ne lalacewar Walter White, malamin ilimin sinadarai a garin Albuquerque, wanda ciwon daji ya kama, ya shiga haɗa miyagun ƙwayoyi da hujjar zai bar wa iyalinsa abin dogaro.

A ganinmu, wasan ya kai ƙololuwarsa a kashi na 14. A nan ne 'yan ta'addar da Walter ya kira da bakinsa suka harbe Hank, mijin 'yar'uwar matarsa, a cikin hamada, suka kwashe mafi yawan dukiyarsa, ɗansa na cikinsa kuma ya kira masa 'yan sanda. Iyalin da ya ce yana karewa sun watse a hannunsa, ba kuwa wanda ya jawo sai shi.

Inda muke da ja shi ne kashi na 16. Marubucin ya tausaya wa tauraronsa fiye da kima. Ya bar shi ya dawo daga maɓoyarsa, ya shirya hanyar da kuɗi za su isa ga ɗansa, ya hallaka abokan gabarsa, ya 'yantar da tsohon ɗalibinsa Jesse, sannan ya mutu a tsakiyar kayan haɗa sinadaran da yake ƙauna. Dabararsa ko ɗaya ba ta ci tura ba. Abin da ya ceci wannan kashi, shi ma da ƙyar, shi ne fitowar da ya tsaya gaban matarsa Skyler ya amsa cewa don kansa ya aikata komai, ba don su ba.