3.4 Tsokaci a Kan Littafin Dibs na Virginia Axline

Kamar yadda aka ambata a baya, Axline ɗalibar Carl Rogers ce, kuma a 1947 ta shimfiɗa ƙa'idoji 8 na jinyar yara ta hanyar wasa. Jigonsu shi ne a bar yaro ya ja gaba, mai jinya na biye da shi. Littafinta Dibs in Search of Self (1964) ya nuna yadda ƙa'idojin ke aiki a kan yaro guda a Amurka, ɗan kimanin shekara 5, wanda ba ya yarda ya yi magana da kowa, har iyayensa suka ɗauka raunin ƙwaƙwalwa gare shi.

Armashin littafin yana ɗakin wasa. Duk mako ana ba Dibs awa guda tare da yashi da fenti da 'yan tsana. Da ya binne 'yar tsanar da ke matsayin uba cikin yashi, Axline ba ta tsawata masa ba, ba ta kuma fassara masa abin da ya yi ba, sai dai ta mayar masa da maganarsa don ya ji kansa. A nan mai karatu ke ganin yadda hannu ke faɗin abin da ya gagari baki.

Sai dai a ra'ayin mai wannan nazari, hujjar littafin ba ta kai daɗin labarinsa ba. Mai jinyar ita ce marubuciyar, ita ce kuma alƙaliyar aikinta. An ce daga baya yaron ya sami maki 168 a gwajin basira, to amma wasan ne ya kawo haka, ko basirar da ma tana nan? Bugu da ƙari, mahaifiyarsa ma ta riƙa ganawa da Axline, zaman gida ya sauya, ke nan ba a iya ware rabon wasa daga rabon iyaye.

Inda aka fi jin jiki shi ne ɗora matsalar a kan rashin sakin fuskar iyaye. Wannan ra'ayi ya yi tashe a lokacin wajen bayanin lalurar otizim, musamman a littafin Bruno Bettelheim na 1967, amma masana sun yi watsi da shi. Wasu masu karatu na yau suna ganin alamun lalurar a halayen Dibs. Idan haka ne, an ɗora wa uwar laifin da ba nata ba.