Zanen Mashaya: ina idon Bakus yake kallo?

Kai mai karatu na Dawce, yanzu ka iya haɗa baƙi. To, hoto ma karanta shi ake yi.

A Madirid, babban birnin Sifaniya, akwai wani zane a gidan ajiya na Purado. Belaskes ne ya zana shi domin sarki Filib na 4, ya gama a 1629. Ana kiran zanen "Mashaya".

Ga Bakus zaune bisa gangar giya. Shi ne gunkin giya na Rumawan da, kamar yadda ƴan bori ke da Sarkin Arna mai son burkutu. Jikinsa sumul, bai san hauya ba. Gefensa talakawa ne, rana ta ƙone musu fuska. Ɗaya ya riƙe kwano cike, yana yi maka dariya kamar ya ce zo. Wani ya durƙusa, Bakus yana naɗa masa rawanin ganye.

Wasu sun ce zanen yabon giya ne, wai tana mantar da talaka wahala. Ni ban yarda ba. Bakus ba ya ko kallon wanda yake naɗawa, ya kau da ido. Can baya cikin duhu kuma ga mai bara tsaye. Rawanin ganye kuwa, kafin safe ya bushe.

Belaskes bai wulakanta mutanen nan ba, ya zana su da mutuncinsu. Kai ma ka san irinsu: kaka ta yi, hatsin rumbu ya tafi kasuwar Matamaye, kuɗin ya ƙare a kwalba. In damina ta faɗi, wa zai ci da gida?